Rigar Tsohuwa a Valparaíso

Hawa na huɗu, ofishin tashar jiragen ruwa.
Taga na kallon kwantenoni, ja kan shuɗi, shuɗi kan tsatsa.
Maite Huenupán ta buɗe wata manhaja
wadda ta girme ta da shekara goma sha ɗaya.

Tsohuwar ce ke lissafin kuɗin tsayuwa:
jirgi kaza, nauyi kaza, kwana kaza a gaɓa.
Ba ta taɓa ɓatar da peso ɗaya ba.
Aibinta dai, ba ta jin yaren kowa.
Sai ka durƙusa gaban baƙin allo,
ka jera mata harafi tamanin a layi, ba ragi ba ƙari,
sannan ta tanka.

Manya suka ce a rushe ta.
Akanta ya buga kuɗin rushewa,
sai ɗaki ya yi tsit.
Aka ce to, a ɗinka mata riga.

Wata uku Maite na ɗinki.
Ba ta taɓa cikin ba, baki kawai ta yi wa ƙofa:
nan tambaya za ta shiga, nan amsa za ta fito.
Ta zaunar da dillali a tsakani,
wanda in na'urar Antofagasta ta yi kira
ko ta Punta Arenas, can inda iska ke tuge hula,
zai karɓi saƙo, ya juya shi zuwa harshen da,
ya miƙa wa tsohuwa kamar mai kai gaisuwa,
ya komo da amsa cikin sabon lafazi.
Masu kira ba su san shekarunta ba.
A wurinsu ita ma abu ce mai suna da adireshi,
ɗaya cikin ɗari da ke warwatse a kan waya.

Sai daren wata Laraba, shayi ya huce,
ta ci karo da layi na dubu huɗu da tara.
Kwale-kwalen da bai kai tan goma sha biyu ba,
ranar ashirin da tara ga Yuni,
kuɗinsa sifiri.
Babu bayani. Babu takarda a kowane kabad.
Yatsanta ya tsaya kan maɓallin gogewa.

Da safe ta hau tsohon keken dutse mai ƙara
zuwa wani gida mai bangon kwano, fenti ruwan ɗorawa.
Osvaldo Riquelme ya buɗe, hannunsa na rawa,
ya karanta takardar nesa da ido, ya yi dariya har da tari.
Ya ce ranar masunta ce.
An yi alkawarin da baki, a kan gaɓa, cikin ruwan sama,
tsakanin shugaban tasha da mutum goma masu ƙarnin kifi.
Ubana na cikinsu.
Duk sun mutu. Ba wanda ya rubuta
sai ni, a nan, inda na san ba a leƙawa.

Ta sauko a ƙasa, tana ƙirga matakala har ta ɓace a lissafi.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.
Ta bar layin yadda ta same shi.
A bakin rigar kawai ta ƙara jimla guda
domin wanda zai zo bayanta da nasa gaggawar:
kafin ka goge, tambayi teku.

Yanzu kira na zuwa daga arewa da kudu,
dubu a awa, ba sallama.
Tsohuwa na amsawa daga ɗakin sanyi a ƙarƙashin bene.
Sau ɗaya a shekara, cikin hunturu,
wani ƙaramin kwale-kwale yakan tambayi bashinsa,
saƙo ya ratsa dillali, ya ratsa riga,
ya dawo da sifiri,
mai kamun kifi ya ɗaga kafaɗa, ya kwance igiya.